Taya ɗaya don filin tsere da titin Jega: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mai fita da motarsa filin gwaji ranar Asabar, Litinin kuma ya kama hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ko Argungu da ita, abu biyu masu karo da juna yake nema a jikin taya ɗaya. Fili na son roba mai laushi wadda ke manne wa kwalta idan ta ɗauki zafi. Titi kuwa na son zane mai zurfi da gefe mai jure rami. Ba tayar da ta haɗa duka, sai dai mutum ya zaɓi inda zai yi rangwame. A nan Kebbi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, Agusta kuma ruwa ya kwanta a titi, ra'ayina a karkata wajen titi, ragowar a cike shi da gyaran iska.

A fara da rubutun gefen taya, misali 225/45 R17 94W. Faɗinta milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 101, rim ɗin kuma inci 17. Lamba 94 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 670. Da 91 ce, kilo 615 ke nan. Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce shi bai taɓa wuce 160 ba, me zai yi da W? Harafin ba gudu kaɗai yake faɗa ba, yana nuna yadda ginin tayar ke jure zafi, kuma zafi ne ke fasa taya a ƙasar nan. Don haka kada a sauka ƙasa da V. Inda aka rubuta TEMPERATURE a tabbatar A ce, ba B ko C ba.

Kusa da nan akwai TREADWEAR da wata lamba mai nuna yadda zanen ke jure cinyewa, ita ce ta fi saurin nuna jinsin tayar. Toyo R888R na ɗauke da 100, Michelin Pilot Sport Cup 2 na da 180. Waɗannan 'yan fili ne da aka yarje musu hawa titi. Masu 200, irin Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Hankook Ventus RS4, suna tsaka-tsaki amma sun fi kusa da fili. Masu 300 zuwa 340, kamar Michelin Pilot Sport 4S, su ne na titi da ke iya ɗaukar rana guda a fili ba tare da zanensu ya ɓarɓashe ba. Lambar ba ma'aunin gwal ba ce, domin kowane kamfani shi ke sanya wa tayarsa, 200 ɗin wani ba lalle ta yi daidai da ta wani ba. Amma dai tana raba ajin.

Abin da ya sa nake cewa a tsaya a ajin 300: masu 200 tun daga shago zurfin zanensu bai cika wuce milimita 6 ba, alhali ta titi na zuwa da kusan 8. Fita biyu ko uku a fili, sai ka ga saura 3. Da damina wannan zanen ba ya iya korar ruwan da ya kwanta, tayar sai ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ado. Iyakar da masu taya suka sa ita ce milimita 1.6, daidai da 'yan tudun nan da ke cikin kwarin zane, sai dai wanda zai bi hanyar Koko zuwa Yauri cikin ruwa bai kamata ya jira ta sauka ƙasa da 3 ba. Ga kuma wani abu da ake mantawa: yawancin filayen da ake samu a nan ƙasa ce ko tsakuwa. Taya mai santsin fuska kwalta take nema. A kan jan ƙasa zamewa kawai za ta yi, tsakuwa kuma ta yi ta tsaga ta.

Batun rim ma haka. Inci 19 da 225/35 na da kyau a ido, amma gefenta milimita 79 ne kacal. Rami ɗaya da gudu ya isa ya matse gefen tsakanin rim da bakin kwalta, zaren ciki ya tsinke, ƙulli ya fito. Tayar da ta yi ƙulli ta gama aiki, ba faci ba dabara. Inci 17 da gefe 45 ta fi dacewa, in akwai mai tambarin XL, wato mai jure ƙarin nauyi, a ɗauke ta. Idan za a canza girma, kada tsayin tayar gaba ɗaya ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa ƙarya, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ma na iya rikicewa.

A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take lissafawa daga wannan ranar. A nan tayoyin gwanjo, 'yan Beljiyam, ke kayar da mutane, domin zane na iya zama cike alhali robar ta bushe. Da yawansu ma na ƙasashen sanyi ne. Duk wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a ciki, an yi ta ne don hunturun Turai, a kwaltar Mayu laushi take yi fiye da kima, balle a fili.

Yanzu iska, wadda ita ce rabin aikin. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi 32 zuwa 35 psi (ma'aunin ƙarfin iska), kuma da sanyin safiya ake aunawa. Lambar MAX PRESS da ke gefen taya, 50 ko 51, iyaka ce kawai, amma sai ka ga mai faci ya dura 45 yana ganin ya kyauta. Ka sayi gejinka, na bakin titi sun sha faɗuwa. Duk canjin digiri 5 zuwa 6 na yanayi na motsa iskar da kusan 1 psi, shi ya sa abin da ka auna da asubahin Janairu ba shi za ka tarar da azahar ɗin Afrilu ba.

A fili ana farawa da kamar 30. A zagaya na minti goma, a fito a auna nan take kafin ta huce. Za ta tashi da 4 zuwa 8 psi, kuma ɓangaren da ke waje a yawancin kwanoni ya fi ɗaukar zafi. Abin nema shi ne 34 zuwa 36 tana da zafi. Abin da ya haura sai a sace. A goga alli a kafaɗar tayar kafin a koma. In allin ya goge har ya gangara gefe, tayar na kwantawa a kwana, a ƙara 2. In tsakiyar zane ne ya yi ƙyalli kamar an shafa mai, iska ta yi yawa ko robar ta wuce zafinta, a huta. Kafin a kama hanyar gida a bari ta huce a mayar da adadin ƙofa. Sace iska mai zafi dabarar fili ce kawai. Wanda ya yi haka a tafiyar Sakkwato, tayar za ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi, ta fashe.

Masu wasan juya mota da tayar baya, irin BMW E46, lissafinsu daban ne, domin minti ashirin na hayaƙi na iya cinye sabuwar taya har waya. Su nemi rim biyu na daban da taya mai araha, a ɗaura a filin, a cire kafin a fito, kuma a yi shi a killataccen wuri, ba a titin gari ranar ɗaurin aure ba. Wajen ɗaurawa a duba kibiyar ROTATION da rubutun OUTSIDE, don sau da yawa ana juya su. Notin E46 ana ɗaure shi a 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), na yawancin ƙananan Toyota 103, da sifana mai awo, ba da tsalle a kan bututu ba. Bayan kilomita 50 a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.