Kiɗan rawa da hanjin tunkiya: abin da na jiyo a Kiremona

Jiya da daddare na sauka Kano, akwatina ma ban buɗe ba, amma na ce bari in rubuta wannan tun abin yana da zafi a raina. Fata ce ta kai ni Italiya kamar kullum, baje kolin fatu na Lineapelle da ake yi a Milan, kwana uku na ciniki da ciwon ƙafa, wannan ba sai na cika ku da shi ba. Labarin yana rana ta huɗu.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana sayen fatar akuya a hannunmu, da muka gama lissafi sai ya ce min Alhaji gobe babu maganar fata, ka zo garinmu Kiremona ka ji kiɗa. Ya riga ni tafiya, ni na bi shi da safe a jirgin ƙasa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. A nan na gamu da ɓacin rai ɗaya tilo na tafiyar. Ashe tikitin takarda sai ka zura shi a wata 'yar na'ura ta buga masa hatimi kafin ka hau, babu wanda ya faɗa min, mai duba tikiti ya zo ya ci ni tarar Yuro 50 a kan tikitin da bai kai Yuro 10 ba. Doka ce na yarda, na biya. Amma yadda ya riƙe fasfona da yatsu biyu yana ɗaga murya mutane na kallo, wallahi ko yaron mota a tashar Unguwa Uku ya san a ce wa baƙo sannu da hanya.

Garin ƙarami ne, shiru, kowa a keke. A tsakiyarsa akwai hasumiyar jan bulo da suke kira Torrazzo, tsayinta mita 112. Ko'ina ka leƙa shago sai ka ga mutum a sunkuye yana sassaƙa gogen Turawa, shagunan sun fi ɗari, ƙamshin katako da gam kamar ka shiga layin kafintoci amma babu hayaniya. Nan ne garin mashahuran maƙera goge, Amati da Guarneri da Antonio Stradivari wanda ya rasu a 1737, kuma a 2012 UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin kayan gadon duniya. A gidan tarihin goge na ga wani da Stradivari ya ƙera a 1715 yana cikin gilashi ana gadinsa kamar zinare.

Dattijon ya kai ni shagon wata mata mai wannan sana'a, ta ɗora min wani goge a hannu, ba shi da nauyi ko kaɗan, ba shi da ɗan abin nan da ake ɗora haɓa. Ta ce yawancin tsofaffin gogunan an sake musu wuya daga baya don su yi ƙara a manyan zaure, shi ya sa masu son jin kiɗan yadda mutanen 1600 da 1700 suka ji shi suke sa a ƙera musu irin na asali. Sai ta miƙo min tsirkiya ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa, ta ce in faɗi mene ne. Na murza ta, na shinshina, ni da na tashi cikin majema ai ba a ɓoye min dabba. Hanjin tunkiya ne! A wanke, a kankare, a murɗa shi da danshinsa, a shanya, a goge. Abin da mu muke zubawa a farfesun kayan ciki. Na daɗe ina juya ta a hannu.

Da yamma matar dattijon ta yi mana taliya mai cushe da kabewa, ta ce ta san ba na cin alade don haka ko tukunyar daban ta ware, suka ba ni ɗaki na yi salla. Allah ya saka musu da alheri. Kofi kuwa in ka sha a tsaye Yuro ɗaya da 'yan canji, in ka zauna a kujerar dandali kuɗin ya ninka, kujerar ma sayar da ita suke.

Kiɗan a wani tsohon zaure aka yi, mu ba mu fi ɗari ba, makaɗa shida. Goge biyu, babban goge da ake maƙalewa tsakanin ƙafafu, cembalo mai kama da piyano amma shi fizgar tsirkiyar yake yi ba bugunta ba, sai tiyorba, wani molo ne mai wuya dogo ya kusa tsayin mutum, da mai bandiri. Sun daɗe suna ɗaure tsirkiya kafin su fara, kuma tsakanin kiɗa da kiɗa sai sun sake, dattijon ya raɗa min cewa hanji ba ya son danshi da zafin jikin mutane. Na ce ai na gane, haka fatar ganga take saki da damina sai an gasa ta.

Ni a tunanina kiɗan Turawa na da abin sa barci ne. Sai suka shiga wani da ake kira cakona, na Tarquinio Merula wanda ya yi aiki a garin nan, an buga shi a 1637. Babban goge da tiyorba suka kama 'yar gajeriyar amo ɗaya suna ta maimaitawa ba sa saki, gogunan biyu kuma suna hawa kanta, wannan ya faɗa wancan ya amsa, su rabu su haɗu, kamar jagora da 'yan amshi. Jama'a wannan ai ginin kiɗanmu ne, kuntuku ya riƙe gindi kalangu ya yi ta magana. Muryar hanjin ba ta da kaifin ƙarfe, tana da 'yar dishewa kamar ta mutum, har kana jin izgar tana cizon tsirkiya. Daga nan suka yi foliya ta wani mai tsara kiɗa Corelli ta 1700, ta fara a hankali kamar tafiyar sarki sannan ta yi ta zafi har gashin izga ɗaya ya tsinke yana lilo yarinyar mai gogen ba ta tsaya ba. Suka rufe da tarantela ta kudancin ƙasar, mai bandiri ya yi sharkaf da gumi.

Abin da ya dame ni shi ne masu sauraro. Kiɗan da asalinsa na rawa ne, cakona ma a farkonta a Sifen malaman coci sun yi ta kuka da ita wai ta cika rashin kunya, amma yau mutane sun zauna cak kamar gidan makoki, ko tari sai an ɓoye. Babu guɗa, babu liƙi, babu mai cewa a sake. Ƙafata ta ƙi zama, na duba gefe sai na ga takalmin dattijon shi ma yana bugawa a hankali ƙarƙashin kujera. Da aka tashi na je na gaisa da mai tiyorba na so in ba shi wani abu, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa, sai ya bar ni na taɓa tsirkiyar mafi tsawo, na ji ta har cikin haƙarƙarina.

Washegari Benis, na ga cocin Pieta kusa da inda Vivaldi ya koya wa 'yan mata marayu goge, cunkoso da tsada, ban kwana ba. Rum kuma awa biyar kawai, na leƙa kabarin Corelli a tsohon ginin nan Pantheon na wuce filin jirgi.

Tsaraba na riƙo alewarsu ta zuma da ƙwan kaza da almon da suke kira torone, sai tsirkiyar hanji guda ɗaya da matar nan mai shagon goge ta ba ni kyauta. Akwai wani tsohon mai kukuma a bayan layinmu, ranar Asabar in sha Allahu zan kai masa ya ɗaura mu ji me za ta ce.