Yadda raba lodi ya cinye mana cinikin riɗi

Duk wanda ya ce maka ka haɗa layin intanet biyu ka raba musu lodi daidai wa daida don kiran waya ya gyaru, ka tambaye shi ko shi da kansa ya taɓa gwadawa ranar kasuwa. Shawarar tana da daɗin ji, kuma a wajen birawuzin da sauke fayil gaskiya ce. A wajen murya kuwa ita ce ta kwance mana zani a kasuwa.

Kawuna yana sayen riɗi da zoɓo. Sitonsa na wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ofishinsa kuma a Dawanau. Cikin siton sabis ba ya shiga, kwano ne sama da gefe, sai mutum ya fita waje yana ɗaga waya. Shi ya sa na kafa masa wayar intanet: lamba ɗaya, idan an kira ta yi ƙara a Dawanau, ta yi ƙara a sito. Eriya biyu a kan dogon ƙarfe, modem biyu da sim na kamfani daban-daban, rautar MikroTik, duka a kan sola da batir. Na kunna PCC, tsarin raba lodi na MikroTik, ya riƙa rarraba haɗi tsakanin layukan biyu. Intanet ya yi gudu, POS ya daina laƙewa, yaran sito suka fara kirana Injiniya.

Sai ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Wani mai saye daga Legas ya kira zai ba da farashin tirela guda. Kawu yana jin sa tsaf, shi kuwa ba ya jin Kawu. Ya kashe ya sake kira, wannan karon suka gaisa lafiya, ana shiga maganar kuɗi kiran ya yanke. Na uku wayar ba ta ma yi ƙara ba. Kafin Kawu ya fita ya samu sabis a ƙaramar wayarsa, mutumin ya sallama da wani.

"Ɗana, wannan abin naka kurma ne ko bebe?"

"Kawu, ka yi haƙuri, zan duba."

"Ka duba. Haƙurin dai ba ya cika buhu."

Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne babu layin da ya faɗi a ranar. Dukansu sabis cike. Rautar ce ta yi ainihin abin da aka ce ta yi. Kiran intanet ba abu ɗaya ba ne: SIP, wanda ke yin rajista da buga ƙararrawa, yana bi ta ƙofa (port) mai lamba 5060, ita kuma muryar tana tafiya daban ta RTP, a wasu ƙofofin da ke canzawa a kowane kira, a Asterisk, manhajar sarrafa kiran intanet, yawanci tsakanin 10000 da 20000. Idan ka ce wa PCC ya raba bisa adireshi da ƙofa, to a idonsa waɗannan haɗi biyu ne da ba su san juna ba. Sai ya tura sallama ta layin farko, murya ta layi na biyu. Kamar ka aiko wa mai shago cewa yaronka na zuwa daga gidanka, sai ga yaro ya ɓullo daga wata unguwa yana neman kaya; ba zai ba shi ba. Haka sabar kamfanin da ke ba mu lamba ta yi da muryar Kawu. Yankewar nan kuma da na duba rajistar kira, a daƙiƙa 32 take faruwa kowane lokaci. Wannan lambar ba ta zo da ka ba: iyakar jiran da SIP ke yi wa saƙon tabbaci ke nan, idan saƙon ya ɓace a hanya sai ya ɗauka babu kowa ya ajiye.

Kuma kira ba ya ma buƙatar faɗin da ake raba lodi dominsa. Tsarin tura murya na G.711 da duk kayansa bai kai kilobit 90 a daƙiƙa ba, na G.729 kuwa wajen 30 ne. Abin da murya ke so shi ne hanya ɗaya da ba ta rawa, jinkirinta kada ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya. Don haka na cire wayoyin daga rabon gaba ɗaya, na ɗaure su a layin da ya fi natsuwa, ba wanda ya fi gudu ba, na ba su fifiko don kada bidiyon da yaran ke ɗorawa a TikTok ya danne su. Na kashe SIP ALG, saitin da ke yi wa saƙonnin SIP gyara a hanya, a rauta da modem duka biyu. Sauran kayan gida su ci gaba da rabonsu.

Saura komawa layi na biyu idan na farko ya mutu. Nan ma akwai tarko. Rautar tana taɓa modem duk daƙiƙa 10 ta ji ko yana raye, shi kuwa modem ko data ta ƙare, ko ƙarfen sabis ya ɗauke, muddin akwai wuta a jikinsa zai amsa. Sai rauta ta ci gaba da zuba kira cikin layin da ba ya kai ko'ina. Dole ka sa ta riƙa taɓa wani abu can waje, irin adireshin 8.8.8.8 ta layi ɗaya da 1.1.1.1 ta ɗayan. Ko bayan ta juya, wayoyin ba sa bin ta, domin teburin haɗi, inda rauta ke ajiye bayanin kowane haɗi, yana riƙe da tsohuwar hanya, kuma ƙananan saƙonnin da wayar ke aikawa don riƙe ƙofa su ne ke hana tsohon haɗin mutuwa. Na rubuta ɗan umarni da ke share haɗin wayoyin duk lokacin da aka juya, na rage wa'adin rajista daga daƙiƙa 3600 zuwa 60. Kada ka gwada wannan da zare kebul daga rauta, kowace rauta tana cin wannan jarrabawar. Ka cire sim ɗin, ko ka bar data ta ƙare, modem yana kunne.

Duk da haka kiran da ake cikinsa yana yankewa, tun da adireshi ya canza. Abin da ya kashe wannan shi ne WireGuard, wani nau'in VPN da ke cikin RouterOS 7, manhajar rautar MikroTik. Na yi hayar ƙaramar saba a Legas, ba a Turai ba saboda jinkiri, wayoyin suna fita ta cikinta. Yanzu duniya adireshi ɗaya take gani, ko ta wane layi muka bi. Layi ya faɗi, murya ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, Kawu ya ce "ina jin ka" ya ci gaba da ciniki. Da na san haka kafin waccan Alhamis ɗin, da tirelar nan tamu ce.

Abin da ya rage ban gama da shi ba: kamfani biyu ba ya nufin ƙarfe biyu. A karkara sau da yawa ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da kamfanoni da dama, ranar da man janareta ya ƙare a wajen duka sim biyun suka mutu tare. Na juya eriya ɗaya ta kalli ƙarfen wani gari, sabis ɗin ya ɗan ragu amma ba sa faɗuwa lokaci guda. Kawu yana ta maganar Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023. Na ce masa sai mun ƙara fanel da batir tukuna, domin shi kaɗai ya fi rauta da modem biyun nan cin wuta, kuma idan ruwan sama mai ƙarfi ya sauko shi ma yakan ɗauke. Ya ce a bari sai an sayar da zoɓo.