Tallafin karatu da giɓin da yake bari: yadda nake auna digiri na biyu a aikin jarida

Tsakanin watan Fabrairu da Afrilu ne yawancin jami'o'in Amurka ke aika amsa ga waɗanda suka nemi gurbin digiri na biyu, kuma a daidai wannan lokaci ne ƙannenmu a aikin jarida kan turo mini hoton wasiƙun da suka samu, suna tambayar wace makaranta ya kamata su amsa wa. Kusan kowannensu yakan ja layi a ƙarƙashin adadin tallafin da aka yi masa alkawari. Ni kuwa abin da nake fara nema shi ne kuɗin da zai rage a wuyan ɗalibi bayan an cire tallafin daga jimillar abin da karatun zai ci, domin wannan ragowar ita ce ainihin farashin digirin, kuma sau da yawa makarantar da ta fi ba da tallafi mai tsoka ita ce ke barin giɓi mafi faɗi.

Makarantar aikin jarida ta Jami'ar Columbia da ke birnin New York, wadda aka buɗe a 1912 da dukiyar Joseph Pulitzer, ita ce sunan da kowa ya sani, kuma babban shirinta na digiri na biyu bai kai shekara guda cur ba. Sai dai idan aka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci da inshorar lafiya, jimillar ta haura dala 100,000. Wanda aka ba tallafin dala 40,000 a can ya samu kyauta babba, babu shakka, amma har yanzu ana binsa fiye da dala 60,000. A gefe guda akwai makarantar aikin jarida ta Jami'ar Missouri, wadda aka kafa a 1908, tana cikin wani matsakaicin gari da haya ba ta kama ƙafar ta New York ba. Karatunta yakan ɗauki shekara biyu, kuma wasu daga cikin ɗalibanta kan samu aikin taimaka wa malamai da bincike ko koyarwa, wanda ke zuwa da rangwamen kuɗin makaranta da ɗan alawus na wata-wata. A kan takarda wannan tayin ba ya ɗaukar ido kamar na farko, amma mai shi yana iya kammalawa ba tare da bashin da zai hana shi barci ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai makarantar aikin jarida ta Craig Newmark da ke jami'ar birnin New York, wadda ta fara aiki a 2006. Ta gwamnati ce, zangon karatunta uku ne, kuɗinta ya yi ƙasa da na Columbia nesa ba kusa ba, amma mai gidan haya a New York ba ya tambayar wace makaranta ɗalibi yake kafin ya yanka masa farashi.

Wasiƙar tallafi tana buƙatar a karanta ta a tsanake, da biro da takarda a gefe, domin takan haɗa abubuwa uku mabambanta a ƙarƙashin jimilla ɗaya. Akwai kyauta wadda ba a biya, akwai ladan aikin da ɗalibi zai yi wa jami'a, akwai kuma rance. Na farkon ne kaɗai ke rage farashi kai tsaye. Na biyun yana cin lokaci, har zuwa awa 20 a mako, a cikin karatun da shi kansa ke buƙatar fita neman labari dare da rana. Na ukun kuwa ɗage biya ne kawai. Bayan wannan akwai ƙananan tambayoyi da ke sauya lissafi gaba ɗaya. Shin rangwamen ya shafi kuɗin karatu ne kaɗai, ko ya haɗa da sauran kuɗaɗen da jami'a ke karɓa kowane zango, kamar na kayan aiki da na ɗaliban ƙasashen waje? Wa zai biya inshorar lafiya, wadda dole ce, kuma takan kai dubban daloli a shekara? Idan karatun na shekara biyu ne, an tabbatar da tallafin shekara ta biyu a rubuce, ko sai an sake nema? Na taɓa ganin wasiƙar da adadin tallafi ke rubuce da manyan baƙaƙe a sama, sai can ƙasan shafi na biyu wani gajeren layi ya bayyana cewa na zangon farko ne kawai, sabuntawa kuma ta dogara da kuɗin da sashen ya samu. Mai wasiƙar ya riga ya sanar da dangi cewa an ɗauke masa nauyin karatu duka.

Batun rance shi ne inda na fi tsayawa kai da fata. Ɗan Amurka ko mai izinin zama na dindindin yana cike fom ɗin FAFSA ya samu rancen gwamnatin tarayya, amma ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba shi da wannan damar. Abin da ya rage masa shi ne kamfanonin rance masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu ke neman wani mazaunin Amurka ya tsaya masa, kuma kuɗin ruwa yakan fara hawa tun ɗalibi yana aji. Da yawa daga cikinmu ba ma za su kusanci bashin ruwa ba saboda addini, kuma wannan ya isa dalili. Ga wanda bai damu da hakan ba, lissafin kansa ya isa ya tsorata shi. Aikin jarida ba sana'ar da ke biyan albashi irin na likita ko lauya ba ce, ko a Amurkar ma, inda jaridu da dama suka rufe ko suka rage ma'aikata. Wanda kuma zai dawo gida ya karɓi albashi da naira yana biyan bashi da dala ya tuna cewa a farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Bashin da aka ci kafin wannan sauyi ya ninka sau uku ba tare da an ƙara wa mai shi ko kwabo ba.

Giɓin nan kuma ba abu ne da za a ce a je can a san yadda za a yi da shi ba. Kafin jami'a ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, sai ɗalibi ya nuna shaidar banki cewa yana da kuɗin da zai cike abin da tallafi bai ɗauka ba na shekarar farko. Dokar bizar ta taƙaita aiki ga harabar jami'a, shi ma kada ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, don haka tunanin yin tuƙi ko aikin shago a ɓoye hanya ce ta rasa bizar baki ɗaya. Ga kuɗin rajistar SEVIS, wato tsarin gwamnatin Amurka na rajistar ɗaliban ƙasashen waje, dala 350, ga kuɗin neman biza, ga tikitin jirgi, ga kuɗin ajiya na ɗaki, ga rigar sanyi, duk kafin alawus na farko ya shigo hannu. Tun daga 2025 kuma Amurka ta ƙara tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, saboda haka wajibi ne mutum ya tabbatar da matsayin ƙasarsa kafin ya biya kuɗin riƙe gurbi, wanda galibi ba a mayarwa.

Wani abin da kunya ke hana mutanenmu yi shi ne neman ƙari. Ba rashin godiya ba ne a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai cikin ladabi, a ce ana son makarantar amma giɓin ya fi ƙarfi, a haɗa da tayin da wata makaranta ta bayar. Wani lokaci a ƙara, wani lokaci a ce babu, amma tambaya ba ta sa a janye gurbi. Jami'o'in Amurka masu yawa sun sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba ɗalibi har zuwa 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin tallafi, kuma kuɗin da wasu suka ƙi karɓa yakan dawo a sake raba shi a kusa da wannan rana.

Ba Amurka ce kaɗai ƙofa ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, har da tikiti da kuɗin zama, bisa sharaɗin mai nema ya yi aiki na aƙalla shekara biyu kuma ya koma ƙasarsa na shekara biyu bayan kammalawa. Wanda kuma burinsa koyarwa ne ko ƙarin girma a gidan rediyon da yake aiki, yana iya samun abin da yake buƙata a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba tare da ya bar iyali da albashinsa ba.

Idan giɓin makarantu biyu ya zo kusa da juna, sai a koma ga abin da ake saye da kuɗin. Edita ba ya ɗaukar ma'aikaci saboda hatimin da ke kan takarda, ayyukan da mutum ya wallafa yake dubawa. A Missouri ɗalibai na aiki a jaridar Columbia Missourian (sunan garin da jami'ar take shi ma Columbia ne) da gidan talabijin na KOMU da rediyon KBIA, waɗanda mutanen gari ke karantawa da kallo da sauraro da gaske, makarantar Newmark kuma ta sa horon sanin makamar aiki a lokacin bazara cikin tsarin karatunta. Nakan ba da shawarar a nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka zo daga ƙasashen waje, ba waɗanda makaranta ta zaɓa ta sa a shafinta ba, a tambaye su nawa suka kashe a wata, nawa ake binsu yanzu, da kuma inda suke aiki.