Asabar a gida: ni da Auta da tambayar dutse

Tun daren jiya babu wuta, ga zafin Bauchi na wannan wata, sai na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan azahar. Ina kwance Auta ta zo da littafin tsofaffin tambayoyin WAEC na fiziks, fuska a murtuke.

"Yaya, amsar da ke bayan littafin nan ba daidai ba ce."

Mutum ya yi tafiyar mita 300 gabas, ya juya arewa ya yi mita 400, nawa ya gusa daga inda ya tashi? Ita ta haɗa ta samu 700, littafi ya ce 500. Na ce mata 700 ɗin abin da ƙafarsa ta taka ne. Abin da ake nema shi ne miƙaƙƙen layi daga mafari zuwa inda ya tsaya, da fuskar da ya nufa. Na ɗauki tsinke na zana mata kusurwa uku a ƙasa, muka bi ƙa'idar Pitagoras, wadda ake nemo tsawon dogon gefen da ita: 300 sau 300 (90,000) da 400 sau 400 (160,000) sun ba da 250,000, tushensa 500, tunda 500 sau 500 ne ke ba da shi. Nan da nan ta gane.

Tambayar dutse ce ta ci mana lokaci. An jefa shi sama da gudun mita 20 a daƙiƙa, ƙarfin jan ƙasa 10, ina yake bayan daƙiƙa 3? Da s = ut + ½at² (s nisansa daga inda aka jefa shi, u gudun farko, t lokaci, a sauyin gudu), harafin a kuwa −10 ne tunda ƙasa ke jawo shi, ya zama 60 a cire 45, saura mita 15. Auta ta ƙi yarda. Ta ce ai dutsen ya hau mita 20 cikin daƙiƙa 2, ya sauko 5, tafiyarsa 25 ke nan. Gaskiyarta ne, na kuma ji daɗin gardamar. Sai dai shi wannan lissafin, inda dutsen yake kawai yake faɗa. A daƙiƙa ta 4 ma sifili zai bayar, alhali dutsen ya yi mita 40 hawa da sauka.

A ganina nan ake barin yara a baya. A ba su lissafi su haddace, ba wanda zai tsaya ya nuna musu cewa alamar ragewar nan fuska take nunawa.

Da la'asar Umma ta aike ni kasuwar Wunti sayen kayan miya, tumatir ya yi tsada har sai da na haɗa da busasshe. Na bar wa Auta tambayoyi biyu kan mota mai taka birki, gobe in Allah ya kai mu za mu duba.