Bakwai ɗin da ta koma ɗaya

Daren Talata na je duba Yaya, wanda ciwon suga ya sa a gaba shekara uku ke nan. Babu wuta, muna zaune a tsakar gida. Ɗansa mai shekara 19 ya huda masa yatsa, ya ɗiga jinin a tsinken awo, lamba ta fito. Sai ya zaro waya ya ƙyalla haske ya ɗauki hoton na'urar awon, ya shiga WhatsApp zai tura wa ma'aikaciyar jinyar da ke bibiyar Yaya. Na ce mu gani. Ya ce, "Baffa, ai ya fito." Abin da ya fito farin tabo ne a tsakiyar gilashi kamar wata ɗan daren sha huɗu, lamba ɗaya a hagu, rabin wata lambar a dama. Gabana ya faɗi, domin na san wannan hoton. Ni na fara ɗaukar irinsa.

A 2019 ne hawan jini ya tsananta wa Inna. Na sayo na'urar awo ta Omron, mai ɗamara a dantse, wadda ke nuna lambobi uku: ta sama, ta ƙasa, da bugun zuciya. Wani ɗan'uwanmu likita da ke aiki a Saudiyya ya ce in riƙa tura masa hoton awon safe da dare. Na yi ta turawa, har ina jin kaina ɗa nagari. Na dare kuwa kullum da hasken waya nake ɗauka, a tsaye, a karkace, ina hamma.

Ku dubi lambobin irin waɗannan na'urori da kyau. Da 'yan sanduna bakwai ake gina kowace. Lamba 7 sanda uku ce, lamba 1 sanda biyu. Haske ya cinye sandar saman, 7 ta zama 1. Haka 178 ta isa Saudiyya a matsayin 118. Likitan ya aiko da murya yana cewa alhamdulillahi, magani ya karɓe ta, a ci gaba a haka.

A nan ne nake so in wanke kaina, kuma ina da abin faɗa. Daga kasuwa nake dawowa a gajiye. Wayar tsohuwa ce, gilashin kyamararta duk ya goge. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce daga 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne. Shi ma likitan, da ya ga hoto dishi-dishi, me ya hana shi tambaya? Ita kuma Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta rabuwa da kanwa da gishiri, wani lokaci ta ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin matashi.

Duk gaskiya ne. Amma da ya ce 118, na tuna idona ba haka ya gani ba. Na yi shiru, saboda labari mai daɗi ba a so a taɓa shi. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, ban taɓa gaya wa ƙannena ba. In lamba ta fito da yawa, sai in ce Inna ta huta, in sake awo, in sake, har sai wadda ta kwanta mini ta fito, ita nake ɗauka. Ina ganin kamar ina kare kowa daga tashin hankali. Wata asuba bakinta ya karkace. Ta rayu shekara uku bayan nan, hannun hagu bai dawo ba. Ƙaddara ce, na sani, ba hoto ke shanye ɓarin jiki ba. To amma da an ga 178 an canza magani? Har yau ban gama wannan lissafin ba.

Na zo da niyyar jera muku shawarwari goma, sai na ga ba su kai ba. Ku kashe hasken waya. In babu wuta, wani ya riƙe tocila daga gefe, ba daga sama ba. Ku ajiye na'urar a ƙasa, ku miƙe wayar sosai a kanta, domin in an karkata, sandunan da ba su kunnu ba sukan bayyana kamar inuwa, 0 ta yi kama da 8. Ku goge kyamara da bakin riga, ku taɓa lambar a fuskar waya har ta fito tar. Abin haushi, duk kun fi ni sanin wannan. Yarinya za ta yi wa fuskarta hoto talatin tana neman inda haske ya fi, amma awon ubanta sau ɗaya, a guje, ko dubawa babu. Ina hankalin yake tafiya?

Kada ku yanke gefen hoton. Ƙananan haruffan nan su ne ma'aunin. Wata na'urar suga da mg/dL take awo, wata da mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne. In ɗigon 7.8 ya ɓace aka karanta 78, an sauya labari gaba ɗaya. Ku duba kwanan wata ma, na'urori da yawa sukan rikice in an canza batir.

Gaskiya ma ku daina dogara da hoto. Ku sayi littafi, ku rubuta lamba da lokaci, da ko kafin abinci ne ko bayansa. A'a, kada ku fasa hoton, don mai rubutu yana iya rage lamba, ni shaida ne. Ku yi duka biyun, ku buga lambar da hannu a ƙarƙashin hoton. Kuma awon farko, komai muninsa, ku tura shi.

Yaron ya saurare ni yana satar kallon wayarsa. Kafin in gama, na'urar ta kashe kanta. Na nuna masa maɓallin da ke dawo da awon baya, na riƙe masa tocila. Lambar 16.2 ce. Ya dube ta, ya dubi babansa, ya ce, "Baffa, wannan da yawa ne ko?" Na ce ya kira ma'aikaciyar jinyar yanzu, kada ya tsaya rubutu.