Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cin Ranin Masu Jiragen Ruwa

A makon jiya na tsaya a inda dattijon nan Bature, wanda na yi wata bakwai ina kankare wa jirginsa fenti a wurin gyaran jirage na Annapolis da ke Amurka, ya tambaye ni ko zan raka shi da uwargidansa zuwa Filorida. Gwiwarsa ta fara ciwo, ba ya iya jawo anka shi kaɗai. Na amsa tun kafin ya faɗi abin da zai biya ni.

Ana gobe za mu tashi, mako biyu ke nan bayan Babbar Sallar 2013, na kira Inna a Daura.

"To su kuma me ya kore su daga gidansu?" in ji ta.

"Sanyi ne, Inna. Idan hunturu ya shigo sai su gangara kudu, sai gari ya yi ɗumi su dawo."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe su ma suna cin rani. Haka babanka yake yi, Allah ya jiƙansa. Da an zuba gero a rumbu sai Ikko, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa." Sai kuma muryarta ta sauya. "Kai da ba ka iya ruwa ba?"

Na ce akwai rigar da ke hana mutum nutsewa. Ta ce rigar daban, addu'a daban, in riƙe wadda Annabi Nuhu ya yi, Bismillahi majreha wa mursaha. Da ita na taka jirgin da asuba, kuma da ita na riƙa taka shi kullum har ƙarshen tafiyar.

Jirgin ba babba ba ne. Tsawonsa ƙafa 38, jigonsa da ake ɗaura wa filafilai ya kai ƙafa 55, a cikinsa akwai ɗan kicin, makewayi da gadaje. Idan iska ta yi kyau yana cin mil 6 a awa, wato mai keke ma sai ya wuce mu. Kwana huɗu muka yi muna gangara tekun Chesapeake, muka kwana a Solomons, muka kwana a Deltaville, duk inda muka jefa anka sai mu tarar da jirage goma ko ashirin, kowa ya sa gaba kudu. Kusan duk masu furfura ne. Na tambayi Kyaftin, don haka nake kiransa, dalilin da ya sa kowa ya taso lokaci guda kamar an yi shela. Ya ce lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika yana farawa ne 1 ga Yuni, ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma inshorarsa ba ta yarda ya gangara kudu sosai ba kafin 1 ga Nuwamba. Idan kuma ya yi nawa, sanyi ya cim masa a hanya. Tsakanin guguwa da ƙanƙara ɗan lokaci ne, shi kowa ke rububi.

Sallah ta ɗan ba ni wahala a kwanakin farko, domin jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska. Uwargida ce ta lura. Ba ta ce mini komai ba, washegari kawai na ga ta ajiye mini ƙaramin kamfas a kan gadona. Daga wannan yankin alƙibla tana arewa maso gabas. Ruwan alwala kuwa ita ke ɗora mini a kan risho kafin in tashi.

A Norfolk muka wuce ta gefen jiragen yaƙin Amurka, masu ɗaukar jiragen sama, kowanne kamar unguwa guda a kan ruwa. A nan, cikin kogin Elizabeth, akwai wata jar alama da aka ɗaure a kan ruwa, daga ita ake fara ƙirga mil na hanyar da suke kira ICW. Hanya ce ta cikin ƙasa, an haɗa koguna da tafkuna da mashigan da aka haƙa, har Mayami, mil dubu da ɗoriya. Amfaninta shi ne ƙaramin jirgi ya kauce wa tsinin Hatteras, inda jirage suka nutse ba adadi har ake ce wa wurin maƙabartar Atlantika. Gadojinta da ba sa buɗewa an yi yawancinsu da tsayin ƙafa 65, masu buɗewa kuma sai ka kira mai gadin a oba-oba ka jira.

Ba mu yi nisa da Norfolk ba hanya ta rabu biyu. Yawancin jirage suka miƙe, Kyaftin ya karya dama. Ya ce, "Ɗana, waccan ta fi sauri, amma wannan nake so ka gani."

Mashigin Dismal Swamp ke nan. Ana shigarsa ta wata madatsa a Deep Creek: jirgi ya shiga wani dogon akurki na kankare, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa, sai ka ji kana tashi sama a hankali har kusan ƙafa 8. Ni ke riƙe da igiyar goshi. Da aka buɗe ƙofar gaba sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwa ne miƙaƙƙe ɗoɗar kamar an ja shi da zare, mil 22, itatuwa dama da hagu sun sunkuyo har rassansu na shafar jigonmu. Launin ruwan kamar shayin da ya sha wuta, saboda jiƙon saiwoyi da ganyen itatuwan dausayin. Babu iska ko kaɗan, da inji muke tafiya, a hankali, domin zurfin bai wuce ƙafa 6 ba, kuma akwai kututture a ƙasa. Sau biyu na ji ƙum a ƙarƙashin ƙafata.

Kyaftin ya ba ni sitiyari, ya zauna yana murza gwiwarsa, ya fara ba ni tarihin wurin. An fara haƙa a 1793, aka buɗe a 1805. Shekara goma sha biyu, babu inji, da shebur da gatari da hannu. Waɗanda suka haƙa bayi ne baƙar fata, an ɗauko hayarsu daga iyayengijinsu, kuɗin aikin kuma aljihun iyayengijin yake shiga. Suna tsaye cikin taɓo har ƙugu, ga sauro, ga macizai. Wasu da suka gaji sun gudu can cikin dausayin, inda doki da kare ba sa iya bin sawu, suka kafa zama a kan tudun da ruwa bai rufe ba, har suka hayayyafa a ciki.

Sai ya ambaci wani bawa, Moses Grandy, wanda ya yi tuƙin jiragen dako a wannan mashigin. Yana biyan ubangidansa wani kaso, yana tara saura. Sau biyu yana biyan kuɗin kansa cif ana cinye masa, sai a na uku ya samu 'yanci. Yau akwai titi mai sunansa kusa da Deep Creek.

Jikina ya yi sanyi, domin na san sunan wannan abu da Hausa. Murgu ke nan, da fansa. Kakata ta sha ba mu labarin wani tsoho a unguwarsu tana yarinya, wanda aka ce da murgu ya fanshi kansa, kuma har ya mutu akwai gidajen da ba ya zama a kan tabarmarsu. Muna yara muna jin labarin kamar tatsuniya. Ban taɓa zaunawa na auna nauyinsa ba sai ranar, a ƙasar wasu, hannuna a kan sitiyarin jirgin hutu, ina bin ramin da irin wannan tsohon suka haƙa. Na duba gaɓar dama da ta hagu, na riƙa ƙiyasta kwando nawa na taɓo aka ɗauka a ka kafin a samu faɗin da jirginmu ke wucewa. Ban san ko akwai Musulmi a cikinsu da ya nemi gabas a wannan kurmin bai samu mai nuna masa ba. Na yi musu addu'a duka.

Kyaftin ya ga fuskata. Ya ce, "Na wuce nan sau shida. Sau huɗu na farko kyan itatuwa kawai na gani." Bai ƙara ba, ni ma ban ce komai ba.

Da la'asar injin ya fara zafi. Wasu ƙananan ganyaye ne masu yawo a kan ruwa kamar kainuwa suka toshe rariyar da ke tace ruwan sanyaya shi. Na sauka ciki na kwance ta, na wanke, na mayar, karon farko ke nan da na gyara wani abu a jirgi yana tsakiyar tafiya. Muka kwana a wani zango na jihar Karolina ta Arewa da ke bakin babban titi mai lamba 17, inda masu mota da masu jirgi ke tsayawa wuri guda. Wurin ɗaure jirgi ya yi kaɗan, sai aka jera mu uku-uku, wannan ɗaure a jikin wancan. Wata tsohuwa daga Kanada ta tsallako da tukunyar miyar wake, ta fara tabbatar mini babu naman alade a ciki kafin ta zuba.

Washegari madatsar South Mills ta sauke mu, muka bi kogin Pasquotank mai lanƙwashe-lanƙwashe har Elizabeth City, garin da ke ba baƙin jirage wurin ɗaurewa kyauta. Da dare Kyaftin ya kunna hasashen yanayi a oba-oba, ya saurara sau biyu. Gabanmu akwai Albemarle, ruwa mai faɗi mara zurfi, wanda iska kaɗan ke tayar masa da hankali. Ya ce wa uwargida ta ɗaure duk abin da ke iya faɗuwa a kicin, ni kuma ya miƙo mini ƙwayoyi biyu na hana jiri, ya ce in sha kafin asuba.

Abin da Albemarle ya yi mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.