Aikin Bulowa a Shagon Riwaya

Sana'ata riwaya ce, lantarkin mota. Aikin bulowa, wato fankar da ke hura iska cikin mota, yakan yi mana yawa da damina, lokacin da gilashin gaba ke yin hazo direba ya kasa ganin hanya, sai kuma da hunturu, musamman wajen direbobin da ke sammakon zuwa Jos. Da yawa ba su san fanka ɗaya ce ke hura iskar hita da ta esi ba. In ta mutu, duka biyun sun tafi.

Mai mota yakan iso ya riga ya yanke hukunci: "Oga, bulowa ta ƙone, a canja." Ni kuwa ba na kwance ko ƙusa ɗaya sai na murɗa makunnin bulowar. In tana tashi a lambar ƙarshe kaɗai, sauran shiru, rizista ce ta lalace, wato abin da ke rage mata gudu, don wutar lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta. In shiru ne gaba ɗaya, sai a duba fiyus, a gwada ko wuta na isa soket. Wuta na zuwa, ka ɗan bubbuga jikin bulowar ta farka? Kabon ɗinta, wanda ke kai wuta cikin injinta, ya cinye.

Inda ake rigima da masu mota shi ne kuɗin aiki. A tsohuwar Corolla ko Camry, tana ƙarƙashin akwatin gaban fasinja. Yaron shago ya kwanta rigingine, ya kwance ƙusoshi uku, ya zare soket, ta sauko. Marsandi 190 fa, sai an buɗe bonet an cire waifa da injinsa kafin ma a hango ta. Ba yadda za a yi kuɗin ya zama ɗaya.

Abin da muke tararwa a ciki ba a magana: ƙura, busasshen ganyen darbejiya, wani lokaci har sheƙar ɓera. Wata bulowar shara kawai take so.

In sai an canja, na fi son ta Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a kan sabuwa mai arha, amma a jona ta da batir a gaban mai kaya kafin a biya. A ji ko tana gurnani, a duba fikafikanta, domin tsohuwar roba ba ta da wuyar tsagewa, kuma in fiffike ɗaya ya karye dashbod zai riƙa rawa.

Akwai wanda zai ce a sa masa rizista kawai ya tafi. Sai na juya fankar da hannu tukuna. In ta yi tauri, tana jan wuta fiye da kima ke nan, kuma ita za ta ƙona sabuwar rizistar ba da daɗewa ba. Masu naɗa waya a gurbin fiyus kuwa, ina cire ta a gabansu, don wayar da ke bayan dashbod ce za ta narke a madadinsa.